Numfashin mai jego: a duba zuciya tukuna

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya raya abin da aka samu, ya ba maiɗakinka lafiya.

Ka ce wata biyu ke nan da haihuwarta, numfashinta na yin sama-sama, ba ta iya kwanciya sai an jingina ta da matasai, ƙafafunta sun kumbura, kuma abin shaƙa na asma da aka ba ta a kemis bai yi komai ba. Na daɗe ina aikin jinya a ɗakin mata, kuma gaskiya wannan bayanin naka ya tayar min da hankali.

Abubuwan da ke sarƙe numfashi suna da yawa: asma, namoniya, tarin fuka, ƙarancin jini, gudan jini da ke toshe jijiyar huhu, har da hayaƙin itace. Amma mai jegon da kwanciya ke shaƙe ta, ga kumburi, zuciya muke fara zargi. Akwai raunin zuciya da ke kama mata daga ƙarshen ciki zuwa watannin farko bayan haihuwa, kuma a ƙasar Hausa yana da yawa, tun shekarun 1970 likitocin Zariya suke rubutu a kansa. Idan zuciya ta kasa tura jini, ruwa ne ke taruwa a huhu. Shi ya sa za ka ganta tsakar dare a zaune bakin gado, ta dafa gwiwa, tana gumi, ko magana ɗaya ba ta iya ƙarasawa sai ta tsaya ta ja iska. Na ga irinsu da yawa, kuma abin da ke ci min rai, yawanci sai an gama cewa sanyi ne ko iska, an sha jiƙe-jiƙe, sannan a kawo su.

Don Allah ka kai ta babban asibiti yau, kada a jira a yi arba'in na biyu. A auna hawan jini da yawan jininta, a yi hoton ƙirji da na zuciya, wanda suke kira eko. Ka ƙirga numfashinta a minti ɗaya: na babba mai lafiya 12 zuwa 20 ne. In ya haura 30, ko leɓenta ya canja launi, ko tarin na fito da kumfa, ko da dare ne ku tafi.

Kafin nan a dakatar da kunun kanwa, a rage gishiri da magi, domin suna riƙe ruwa a jiki. Na san iyaye za su yi gardama, ka lallaɓa su. Da yawa suna murmurewa da magani, sai dai maganar wani cikin sai likitan zuciya ya sake dubawa ya amince.