Kububuwa a gona: amsoshin tambayoyinku

Wani manomin gyaɗa daga yankin Billiri ya rubuto cewa duk kaka sai sun tarar da kububuwa a ƙarƙashin tarin harawa. Yana tambayar me ke kawo ta.

Malam, abinci da mafaka ne. Kububuwa ƙaramar macijiya ce, da wuya ta wuce santimita 60, launinta ruwan ƙasa da ɗigo-ɗigon fari, sai ta saje da busasshen ganye. Da rana takan lafe a ƙarƙashin dutse, ramin ɓera ko tarin kara. Da rana ta faɗi sai ta fito farautar ɓeraye, ƙadangaru, kwaɗi, har da kunama. Tarin harawarka ya tara mata ɓeraye, ga inuwa, to me zai hana ta zama?

Idan aka matsa mata takan nannaɗe tana goga jikinta, ka ji ƙara kamar an yayyafa ruwa a kasko mai zafi. Da ka ji haka, ja da baya. Kafin ka sa hannu a tari, juya shi da doguwar sanda. Sa dogon takalmin roba, don yawancin sara a ƙafa yake. Da dare kada ka fita ba tocila. Yara kuma a hana su zura hannu a ramin gafiya.

Wata baiwar Allah ta tambaya: in ta sari mutum, a ɗaure wurin a tsaga?

Hajiya, don Allah kada a yi. Dafin kububuwa hana jini daskarewa yake yi, tsagawa kuwa buɗe wa jini ƙofa ce. Ɗaurin igiya yana ruɓar da ƙafa, dutsen maciji ba ya zuƙe dafi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, mutum na iya yini yana hira lafiya lau, sai daga baya dasashinsa ya fara zubar da jini, ko a ga jini a fitsari. Jiran nan ne ke kashe mutanenmu.

A cire zobe da awarwaro, a hana shi tafiya da ƙafa, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take. Kada a ba shi asfirin. A asibitin saran maciji na Kaltungo a jihar Gombe, ana ɗibar jini a kwalba a jira minti 20. In bai daskare ba, sai a yi masa allurar karya dafi irin EchiTAb. Tun kafin girbi, ku binciki asibitin da ke da allurar kusa da ku.