Amsa kan zanen kura mai siffar mutum

Ɗan'uwa, na duba zanen kurar da ka ba siffar mutum domin littafin tatsuniyar da kake shiryawa, na kuma karanta tambayarka, wato dalilin da ya sa ta sandare kamar an kafa ta, launinta kuma ya dagule duk da lokacin da ka ɓata a kai. Hannunka yana da tsabta, wannan babu shakka, amma abin da ka zana mutum ne wanda aka liƙa wa kunnuwa da jela. Ka sa tafin hannunka ka rufe kan, za ka ga babu wanda zai ce kura ce.

Dabba tana cikin ƙashinta tun kafin a zo ga fata. Ƙafafun gaban kura sun fi na baya tsawo, shi ya sa kafaɗarta ta yi tozo, bayanta ya gangara, wuyanta mai kauri ya turo kai gaba. Ko da ka tsayar da ita a kan ƙafa biyu, wajibi ne wannan gini ya biyo ta: kafaɗu masu faɗi, dogayen hannaye, ƙaramin ƙugu, da kai mai leƙe kamar na wanda ya jiyo ƙanshin nama. Babbar rigar da ka sa mata ta ɓoye duk wannan, don haka gara 'yar shara.

Sai batun ƙafa, inda ni ma na daɗe ina tafka kuskure. Na yi kusan shekara biyu ina zana dila da gwiwa mai lanƙwasa baya, har wata ranar babbar salla da mahaucin da ke yi mana fiɗa ya ga takardata, ya yi dariya, ya ɗaga ƙafar bayan rago ya naɗe ta a gabana. Ya nuna mini cewa gwiwa tana can sama kusa da ciki, tana kallon gaba kamar tamu, gaɓar da nake ɗauka gwiwa kuwa dunduniya ce da ta tashi daga ƙasa. Kare da kyanwa da kura a kan yatsu suke tafiya, rago da doki a kan kofato, mutum kuma da tafin ƙafa gaba ɗaya. Ka zaɓi ɗaya ga kurarka, ka tsaya a kai daga shafin farko har na ƙarshe.

Game da tsayuwa, kada ka fara da ido ko haƙori. Ka ja layi guda mai lanƙwasa daga kai zuwa bakin jela, wanda zai nuna ko tana sanɗa ne, ko tana bugun ƙirji, ko ta tsorata, sannan ka ɗora jiki a kansa. Ka aza nauyinta a ƙafa ɗaya, ka karkata kafaɗa gefe, ƙugu kuma ɗaya gefen. Idan ka gama, ka cike siffar duka da baƙi. In har ba a gane abin da take yi daga inuwar kaɗai ba, to hannaye sun manne da jiki, sai a raba su. Babu abin da ya gyara mini hannu kamar zama a bakin kara ranar kasuwa ina zana awaki, kowace cikin daƙiƙa 30, ba tare da gogewa ba. Masu zanen fim ɗin katun na Bambi na kamfanin Disney, wanda ya fito a 1942, barewa masu rai aka kawo musu suna kallo. Jerin hotunan da mai ɗaukar hoto Eadweard Muybridge ya ɗauka na doki yana gudu a 1878 ma suna nan a intanet, kuma har yau da amfaninsu.

Launi kuwa, na ƙirga guda bakwai a zanenka, dukkansu da ƙarfi ɗaya. Uku sun isa: ruwan ƙasa ya mamaye kamar kashi 60, wani mai haske ya ɗauki 30, sauran 10 ka bar wa launi mai kama ido, misali jar hula. Dubi yawancin namun daji, bayansu duhu ne, cikinsu da haske, kuma bin wannan tsari kaɗai yana ba jiki kauri. A manhajar zane kamar Krita ko ibisPaint ka mayar da hoton baƙi da fari. Duk wuraren da suka haɗe suka zama toka ɗaya, nan ne dagulewar take. Kada ka yi inuwa da baƙi zalla, ka ɗan surka shuɗi a launin fatar.

Wani abu kuma, ka haɗa kura iri biyu. Mai dabbare-dabbare kunnenta a zagaye yake, mai ratsi-ratsi ita ce mai kunne da tsini da doguwar geza. Tunda ɗigo ka yi mata, ka zagaye kunnen, ka tara ɗigon a kafaɗa da cinya, ka bar fuskar fili domin a ga haɗamarta. Ka sake zana ta sau uku da baƙi kawai, tana sanɗa, tana dariya, tana gudu, ka nuna mana kafin ka taɓa launi.