Tunani ya hana ni sakat

Tambaya: Anti don Allah ki taimaka min, ina koyarwa a wata firamare nan Jos, duk sanda zan shiga aji sai zuciyata ta dinga ce min ba zan iya ba, ina kora yana dawowa.

Amsa: Ƙanwata, korar ce ke ƙara masa ƙarfi ai. Akwai hanyar da Steven Hayes, wani masanin halayyar ɗan'adam na Amurka, ya faro a shekarun 1980, ana ce mata ACT, wato karɓar tunani yadda ya zo tare da ci gaba da yin abin da ke da muhimmanci gare ki. In tunanin ya zo ki ce a ranki "ga tunanin nan ya sake zuwa", ki lura da numfashinki, kar ki yi kokawa da shi, ki ɗau alli ki shiga aji a hakan, yaran nan ke suke jira wallahi.