Kun Tambaya, Mun Amsa: Wa Doka Ta Bai Wa Banɗakin Mata a Amurka da Birtaniya?

Tambaya: Assalamu alaikum. 'Yata ta samu gurbin karatu a wata jami'ar gwamnati a Amurka. Wasu na ce mini a can namijin da ya sauya jinsi doka ta ba shi dama ya shiga banɗakin mata, wasu kuma na cewa kama shi ake yi. Wanne zan ɗauka, kuma me zan gaya wa yarinyar? Wata uwa daga Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sa albarka a karatun. Duka biyun da kika ji gaskiya ne, domin Amurka ba ta da doka guda kan wannan batu. Kowace jiha da tata, sannan a cikin jiha ɗaya ma hukuncin ginin gwamnati daban, na kantin ɗan kasuwa daban. Da kin faɗa mana sunan jihar, da amsar ta fi haka gajarta.

A Kalifoniya, tun 2013 doka ta ba ɗaliban makarantun gwamnati damar shiga banɗakin jinsin da suke ɗaukar kansu a kai. Fulorida kuwa akasin haka ta yi. Dokarta da ta fara aiki ranar 1 ga Yulin 2023 ta ce a makarantu da jami'o'i da gidajen yari da sauran gine-ginen gwamnati, jinsin haihuwa ake bi. Amma ki lura da yadda laifin yake tabbata: ba shigar kaɗai ba ce. Sai ma'aikacin wurin ya ce wa mutum ya fita ya ƙi, sannan ya zama ya kutsa wuri ba izini. Idan ɗalibin makarantar ne, ladabtarwar makaranta ce ke hawa kansa. Dokar ta keɓe mai rakiyar yaron da bai kai shekara 12 ba, ko tsoho, ko naƙasasshe, da mai shara in babu kowa a ciki, da mai kai agajin gaggawa. Otal da gidan abinci da kanti ba ta shafe su ba.

Kotunan ɗaukaka ƙara na tarayya ma sun rabu. A 2020 wadda ke duba jihar Bajiniya ta ba ɗalibi Gavin Grimm, wanda aka haifa mace ya sauya jinsi yake neman shiga banɗakin maza, gaskiya a kan hukumar makarantarsa, Kotun Ƙoli kuma ta ƙi sauraron ƙarar a 2021. A Disambar 2022 wadda ke duba Fulorida ta yanke akasin haka a shari'ar Drew Adams, alƙalai bakwai suka rinjayi huɗu. Dokar tarayya ɗaya ce suke fassarawa, ta 1972 da ta hana wariyar jinsi a makarantu.

Abin da za ki gaya mata ya fi wannan duka sauƙi. Ta nemi taswirar banɗakunan jami'ar a ofishin harkokin ɗalibai, ta gano masu ɗaki guda. Alamarsu a ƙofa hoton mace da namiji ne a jere, sau da yawa da keken guragu. Mutum ɗaya ke shiga, ya murɗa sakata, famfon wanke hannu da madubi duk suna ciki. Can za ta cire hijabi ta yi alwala hankali kwance. Manyan banɗakunan Amurka, ko na mata zalla ne, ƙofofinsu ba sa kaiwa ƙasa, ana hango ƙafar na ciki, ga 'yar tsaga a gefen ƙofa, kuma babu famfon tsarki. Ta riƙe 'yar gora a jaka a madadin buta. Wurin cike takardar ɗakin kwana kuma ta zaɓi bene na mata kaɗai tun da wuri, don guraben kan ƙare.

Tambaya: To wa ke tsayawa a bakin ƙofa yana tantancewa? Takarda ake nunawa? Wani malamin makaranta daga Zinder.

Amsa: Malam, ka taɓo inda gizo ke saƙar. Babu mai tsayawa, kuma ba wanda ke yawo da takardar haihuwa a aljihu. Dokar Arewacin Karolina ta Maris ɗin 2016, wadda Gwamna Pat McCrory ya sa wa hannu, ta ce a bi abin da ke rubuce a takardar haihuwa, amma ba ta faɗi hukunci ko mai zartarwa ba. Abin da ta jawo a zahiri shi ne ƙauracewa: kamfanin hada-hadar kuɗi ta intanet PayPal ya fasa buɗe cibiya mai ma'aikata 400 a birnin Charlotte, hukumar ƙwallon kwando ta NBA ta ɗauke wasan taurarinta na 2017 ta kai New Orleans, gwamnan ya faɗi zaɓe, aka soke wannan sashe bayan shekara guda. Jihar Yuta ta gwada wata dabara a 2024, ta buɗe fom a intanet don kai ƙorafi, masu adawa suka cika shi da dubban rahotannin bogi. Tekzas a dokarta ta 2025 sai ta ɗora tarar kan hukumar da ke da ginin: dala 25,000 a karon farko, 125,000 in an sake.

Tun da ido ne ma'aunin, kuskure na faɗa wa macen da aka haifa mace amma doguwa ce, ko mai kaurin murya, ko wadda ta aske gashi saboda jinya. Ga kuma wani tarko: wadda aka haifa mace, ta sha maganin sauya jinsi har gemu ya fito, irin wannan doka banɗakin mata take tura ta.

Masu goyon bayan dokokin na cewa mace na da haƙƙin wurin da za ta kwance zani ba tare da mai jikin namiji ba, musamman ɗakin sauya kaya da wurin wanka, kuma miyagu na iya fakewa da sunan sauya jinsi. Hujjar sirri tana da ƙarfi a ganinmu, kuma ba ta buƙatar alƙaluma. Hujjar ƙaruwar laifi ce ba ta samu madafa sosai ba: binciken cibiyar Williams ta jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles a 2018, kan garuruwan jihar Massachusetts, bai ga ƙarin cin zarafi a banɗaki ba inda doka ta buɗe wa masu sauya jinsi ƙofa. A ɗaya ɓangaren, a ƙidayar da aka yi wa masu sauya jinsi sama da 27,000 a Amurka a 2015, kashi 59 cikin ɗari sun ce sun guje wa banɗakin jama'a, kusan kashi ɗaya bisa uku kuma sun rage ci da sha don kada fitsari ya matsa musu a waje.

Tambaya: Waɗannan masu sauya jinsin su ne mata-maza? Kuma ya abin yake a Birtaniya? Wata ma'aikaciyar jinya daga Landan.

Amsa: A'a, 'yar'uwa. Mata-maza, wato hunsa a littattafan fiƙihu, halitta ce aka haife shi da ita, har dokar Fulorida ta keɓe wanda likita ya tabbatar masa da ita. Mai sauya jinsi jikinsa a fayyace yake tun haihuwa.

A Birtaniya, ranar 16 ga Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta yanke cewa kalmar mace a Dokar Daidaito ta 2010 tana nufin jinsin haihuwa, ko da mutum ya mallaki takardar sauya jinsi ta dokar 2004. Hukuncin bai mai da shiga banɗaki laifin da ɗan sanda zai kama mutum ba. Nauyin yana kan masu wuri da masu ɗaukar ma'aikata, kuma kariyar masu sauya jinsi daga wariya tana nan. A wurin aikinki, ƙa'idojin wuraren aiki na 1992 sun wajabta banɗakin maza daban da na mata, sai dai in kowanne ɗaki ne mai zaman kansa da ake kullewa daga ciki. In kina da damuwa kan ɗakin sauya kaya, ki kai ta a rubuce ga shugabar sashenku, ki ajiye kwafi mai kwanan wata, ki kuma sanar da wakiliyar ƙungiyarku ta ma'aikata.