Ga mai son fitowa waje karatun adabin Hausa

Ƙanena, saƙonka ya iso, kuma ba kai ne farau ba. Ka gama digiri a Hausa a Kano, kana son fitowa ka nazarci adabi da abin da mulkin mallaka ya yi wa harshe, kana tambaya ina za ka dosa.

Wurare akwai su: Hamburg da Bayreuth a Jamus, Warsaw a Poland, cibiyar nazarin harsuna ta INALCO a Faris, Boston a Amurka ga mai sha'awar ajami. Amma ba da Hausa za ka rubuta kundinka ba, kuma duk baitin da ka kawo sai ka fassara shi. Muhawarar nan da ta taso bayan taron marubuta na Makerere a Uganda na 1962 kan harshen da ya dace da adabin Afirka, wadda ta kai marubucin Kenya Ngugi ya koma rubutu da harshensa na Gikuyu, da Turanci ake koyar da ita a nan. Abin da ciwo. In ba za ka iya haɗiyewa ba, ga BUK nan a ƙofar gidanku, da Hausa ake rubuta kundi.

Taken bincike ne ke kayar da yawancin mutanenmu. "Tasirin Turawa a adabin Hausa" kogi ne, ba malamin da zai shiga da kai. Ka matse shi: gasar ƙagaggun labarai ta 1933 da Baturen mulkin mallaka Rupert East ya shirya a Zariya, ko yadda boko ya ture ajami, ko littattafan soyayya na Kano tun daga shekarun 1980.

Kayan aikin kuwa duk a gida suke, ka tattara kafin ka hau jirgi. Littattafan kasuwa da yawa ba shekara, ba sunan maɗaba'a. Ka tambayi marubucin ko mai shago a Sabon Gari, ka rubuta da fensir a cikin bango. Takardun ajami kada a turo maka ta WhatsApp, yana matse hoto, wasulla su dishe, ɗigon imala ya ɓace, ka karanta "i" inda aka rubuta "e". Ka ɗauka da kanka da hasken rana, da rula a gefe, kada ka tsallake shafin ƙarshe, nan makwafi kan sa sunansa. Hirar da ba ka karɓi amincewar mai ita a rubuce ko a faifai ba, kwamitin jami'a na iya hana ka amfani da ita.

Sai kuɗi. Jamus a 2025 tana neman Yuro 11,904 a asusun da ake kullewa, na shekara ɗaya kacal. Ingila tana karɓar fam 776 na lafiya duk shekara, ban da kuɗin makaranta. Tallafin karatu na Chevening da gwamnatin Ingila ke bayarwa sai mai shekara 2 yana aiki. Takardar sakamakonka kuma ka fara bin ta tun yau, don tana iya cin watanni a ofis.