Amsa ga ɗalibin da ke son gina aikin kammala karatunsa a kan gine-ginen Hausa

Ƙanena, na karanta tambayarka inda ka ce kana shekarar ƙarshe a sashen zane-zane, ka zaɓi gine-ginen gargajiya na Hausa a matsayin tushen aikinka, ka tara hotunan gidaje masu ado a waya, amma malamin da ke duba aikin ya ce abin da ka kawo kwafi ne kawai, kuma ba ka san ta inda za ka ɓullo wa lamarin ba. Na daɗe ina koyar da zane, kuma a ganina malaminka yana da gaskiya, domin hoton fuskar gida yana nuna adon da aka yi wa gini ne, ba ya nuna yadda ginin ya tsaya da ƙafafunsa. Shawarata ita ce ka ajiye dagi da sauran zayyanar bango na ɗan lokaci, ka zana abin da ke ɗauke da nauyi.

Ka fara da rage faɗin abin da ka ɗauko. "Gine-ginen Hausa" ya yi wa ɗalibi ɗaya yawa a zangon karatu ɗaya. Ka zaɓi abu guda, kamar bakan gizo, wato bakan ƙasa da azara da ke ɗauke da rufin soro, ko zanko, ko zaure da yadda yake karkatar da mai shiga don kada idonsa ya faɗa cikin gida kai tsaye. Da ni ne, bakan gizo zan ɗauka, saboda akwai dalili a bayan kowane lanƙwasa da ke jikinsa. Azara, wadda ake tsagowa daga giginya, gara ba ta cinta da sauƙi, amma idan tazarar da aka shimfiɗa ta ta wuce kimanin ƙafa shida, ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasar rufi. Wannan iyaka ce ta sa magina suka riƙa dasa azara a jikin bango hawa-hawa, kowane hawa yana ɗan leƙowa gaba da na ƙasansa, ana ɗaurewa ana lulluɓewa da ƙasa, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama, sannan a ɗora tulluwa, wato rufin da ya yi tozo kamar kifaffiyar ƙwarya. Ɗalibin da ya fahimci wannan, layinsa yana canzawa a kan takarda, domin ya san inda bakan ya yi kauri da inda ya sirance, kuma ya san dalili.

Wurin da ya fi dacewa ka ga wannan shi ne tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, a shekarun 1830. An kewaye shi da sabon gini daga baya, saboda haka daga waje ba za ka ga abin da nake nufi ba, sai ka shiga. Idan Jos ta fi maka kusa, akwai kwatankwacinsa a gidan adana gine-ginen gargajiya na Najeriya da ke can. A Kano kuwa, Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a buɗe suke ga masu ziyara, kuma za ka iya neman izinin zama da littafin zanenka. Ka nemi izinin da gaske, musamman a masallaci da gidajen mutane, ka bi ta hannun mai unguwa ko liman, kuma kada ka wuce zaure sai an ce maka bismillah.

Idan ka samu wurin, ka je da tef ɗin awo, da fensir, da gawayi, da littafin da ba ka jin tsoron ɓatawa. Ka auna faɗin ɗaki da kaurin bango a ƙasa da kuma a sama, za ka tarar bangon tubali yana raguwa yayin da yake hawa. Ka zana taswirar ɗakin kamar kana kallonsa daga sama an ɗauke rufi, sannan ka zana shi kamar an yanka shi gida biyu kana kallon cikinsa. Ɗaliban zane suna gudun wannan mataki suna cewa aikin masu karatun tsara gine-gine ne, amma a nan ne hannu yake koyon ma'auni. Bayan haka ka zauna a wuri ɗaya, ka zana kusurwa ɗaya da hantsi, da azahar, da kuma la'asar. Tagogin sorayen nan ƙanana ne kuma a sama suke, saboda haka haske yana shigowa a tsuke, ya zame a jikin baka, ya bar sauran ɗakin cikin duhu mai taushi. Ginin ƙasa ba shi da kaifin kusurwa irin na bulo, tafin hannu ne ya shafe shi, don haka rula ba za ta yi maka amfani a wannan zanen ba. Ka shafe takardar da gawayi gaba ɗaya, ka riƙa fito da haske da abin gogewa.

Kada ka raina hira da magina. Har yanzu akwai Sarkin Magina a manyan biranenmu, kuma dattijon da ya taɓa ɗaura bakan gizo zai duba zanenka ya nuna maka inda, da gini ne, da ya rufta. Ka rubuta kalmominsa a gefen zanen, domin za su yi maka amfani a rubutaccen bayanin da za ka miƙa tare da aikin.

Sai kuma inda kwafi yake ƙarewa, aikinka na kanka ya fara. Ka baza zanukan duka a ƙasa, ka duba abin da hannunka ya yi ta komawa kansa ba tare da ka shirya ba. Wataƙila mahaɗar bakuna ce a tsakiyar rufi, wataƙila tabon da ruwan indararo ya bari a bango, ko tsagewar da damina ta yi. Ka ɗauki wannan abu guda ka faɗaɗa shi a babbar takarda, ka maimaita shi, ka juya shi, ka cire duk abin da ba ya buƙata, har ya zama mai kallo yana jin nauyi da inuwa ko da bai gane masallaci ne ba. Kayan aikin ma za su iya fitowa daga ginin. Magina suna shafe bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, kuma suna haɗa laso, shafen da ke kare gini daga ruwa, da katsin marina. Ruwan makuba yana ba da launin ƙasa-ƙasa a takarda, jar ƙasa da aka tace aka gauraya da ƙaro tana kama takarda mai kauri, baba kuma yana nan a marinar Ƙofar Mata ta Kano. Ka gwada su a ƙananan takardu tukuna, saboda wasu suna dusashewa idan sun bushe.

A bayanin aikinka ka ambaci waɗanda suka riga ka. Ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, sun yi kira da a haɗa dabarun da aka koya a aji da fasahar gida. Ɗaya daga cikinsu, Demas Nwoko, daga zane ya koma tsara gine-gine, har aka karrama shi da lambar yabo a Venis a 2023. Haka kuma Falke Barmu, maginin ƙauyen Yama a jihar Tawa ta Nijar, masallacin ƙasa da ya gina ya ci lambar yabo ta Aga Khan ta gine-gine a 1986, wanda ke nuna cewa wannan fasaha ba ta tsaya a ƙarni na 19 ba.

Ranar gabatarwa kada ka ɓoye littafin zanenka da taswirorin da ka auna. Ka jera su kusa da manyan ayyukan bisa tsarin yadda ka yi su, domin masu jarrabawa su bi sawunka daga awon farko zuwa zanen ƙarshe. Kafin nan, ka kai wa malaminka zanen awo da na gawayi na ɗaki ɗaya a mako mai zuwa, ka ji abin da zai ce kafin ka sayi babbar takarda.