Maigidana na shan madara bayan feshi, wai tana wanke dafin?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Muna zaune a gefen Jos, maigidana noman lambu yake a bakin kududdufin kuza, kabeji da tumatir da karas, da damina kuma arish. Kwanan nan duk ranar da ya yi feshi sai ya dawo da ciwon kai da jiri, zufa na keto masa duk da sanyin garin nan, jiya har amai ya yi, yawu na ta cika masa baki. In na ce mu je asibiti sai ya ce ai ya sha madarar gwangwani ta wanke dafin. Ni ke wanke kayan feshinsa ga ciki wata biyar, babban yaronmu ɗan shekara 12 shi ke ɗebo masa ruwan haɗi. Wallahi hankalina a tashe yake, madarar nan tana aiki kuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Hankalinki ya tashi a inda ya dace. Zufa cikin sanyi, yawu, amai da jiri bayan feshi, wannan ba gajiyar gona ba ce, alamun guba ne, kuma sun fi kama da na magungunan ƙwari irin su dichlorvos, wanda ke cikin Sniper da piya-piya, da chlorpyrifos da dimethoate. Ya tsayar da feshi daga yau, ya je asibiti, ya tafi da kwalbar maganin a hannunsa.

To bari in zo kan madarar, don ita ce abin da ke cina a rai kusan kullum a wurin aiki. Madara ba ta kashe gubar maganin feshi. Nono ba ya kashewa, manja ba ya kashewa, ɗanyen ƙwai ma haka. Ban san wa ya fara yaɗa maganar nan ba amma ta shiga ko'ina, daga masu lambun Lamingo har manoman arish na Bokkos da Mangu, za ki ga mutum ya sayi magani a kasuwa ya haɗa da gwangwanin madara kamar tare kamfani ya yi su, wani ma mai shagon ne da bakinsa zai ce masa "in ka gama ka sha madara, ba komai". Wa ya ba mai shago wannan fatawa?

Ki duba hanyar da gubar ke bi. Mai feshi ba shan maganin yake ba, yawancinsa ta fata yake shiga, sai kuma ta numfashi. Tankin da ya goya yana yoyo a gadon bayansa tun safe, riga ta jiƙe ta manne, ya dama haɗi da hannu, bakin famfo ya toshe ya sa baki ya hura, iska ta juyo da feshin fuskarsa. Kafin ya iso gida maganin ya riga ya shiga jini ya kama aikinsa a jijiyoyi. Madarar da ya sha tana can cikin tumbi, ina suka haɗu? Kamar gobara ce ta tashi a ɗaki a je a zuba ruwa a zaure.

Akwai wani sinadari a jikin mutum da ke tsayar da saƙon jijiya idan ya gama aikinsa, shi magungunan nan suke kamawa su ɗaure. Daga nan sai komai na jiki ya yi ta zuba ba tsayawa: yawu, hawaye, zufa, gudawa, ƙwayar ido ta tsuke ta koma kamar bakin allura, nama ya riƙa rawa, huhu ya cika da ruwa. Ruwan huhun nan shi ke kisa. Kuma jiki kan ɗauki makonni kafin ya mayar da sinadarin, shi ya sa mai feshi duk bayan kwana uku, kamar yadda wasu masu tumatir ke yi, kullum ƙarawa yake kan na baya. Ciwon kan da ya saba da shi jiya shi ne zai iya kayar da shi gobe da awo ɗaya na magani.

In kuma shan maganin aka yi, misali yaro ya kurɓa, nan ne madara da manja suka fi ɓarna. Magungunan nan a mai suke narkewa, to abu mai maiƙo na iya taimaka musu su shige jiki da sauri. Sannan ɗura wa wanda ya fara fita hayyacinsa manja, ko sa masa yatsa a maƙogwaro ya yi amai, sai abin ya sarƙe shi ya gangara huhu.

Ba zan manta wani matashi da aka kawo mana cikin dare a keke ba, tun daga ƙofa warin maganin ya riga shi shigowa. Gaban rigarsa ja wur da manja, kumfa a baki, ƙirjinsa na kurkur kamar ana dafa ruwa a ciki. Tun la'asar ya faɗi a gona. 'Yan'uwansa sun ba shi madara gwangwani biyu, sun ɗura manja, sun kai shi kemis an rataya masa ƙarin ruwa, sai da numfashi ya gagara sannan aka tuna da asibiti. Mahaifiyarsa tana riƙe da takalminsa tana cewa sun yi duk abin da aka ce su yi. Gaskiya ta faɗa, kuma abin da ke ƙona min rai ke nan, mutanen nan ba sakaci suka yi ba, ƙarya aka koya musu. Madarar ta cinye musu awannin da allura za ta yi aiki cikin sauƙi.

Maganin irin wannan guba allurar atropine ce, ana yi ana ƙarawa har ƙirji ya bushe, wani lokaci a haɗa da wata allura mai suna pralidoxime, kuma sai a asibitin da za a iya sa ido kan numfashi, irin su JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, ko Plateau Specialist. Ko ya farfaɗo kada a yi gaggawar tafiya gida, domin tsakanin kwana 1 zuwa 4 wasu kan samu mutuwar jiki, wuya ya kasa ɗaukar kai, numfashi ya sake yin rauni. Abin da za a yi kafin a isa kaɗan ne: a fitar da shi daga gonar, a tuɓe masa kaya, a wanke jikinsa da sabulu da ruwa mai yawa, a kwantar da shi ta gefe, kada a ba shi komai ta baki. Kwalbar kuma dole a zo da ita, saboda ba duk magani ne atropine ke yi wa aiki ba. Paraquat, maganin kashe ciyawa, ba shi da makari, kurɓa ɗaya na iya halaka babba, mutum ya ga kamar ya warke sai bayan kwanaki huhu ya lalace.

Tun 2019 hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, ta hana sayar da Sniper a kantuna da kasuwannin gari, amma har yau masu tsiyaya suna zuba magani a robar lemo ba suna ba takarda, su miƙa wa manomi. Kada ya ƙara sayen irin wannan. Kwalba mai takarda tana da layin launi a ƙasa, ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore, kuma an rubuta kwana nawa za a jira kafin a ciri kabeji ko tumatir a kai kasuwar Farin Gada. In ya warke zai koma feshi, to da takalmin roba da safar hannu ta roba da doguwar riga da takunkumi, da sassafe ko da yamma, iska na bayansa, ba cin goro ba shan taba har sai ya yi wanka.

Yanzu ke. Mai ciki ba ta taɓa kayan feshi, ko wanki ko shanya, domin abin da ya ratsa fatarki yana iya kai wa ga abin da ke cikinki. Shi zai wanke abinsa, a bokiti daban, nesa da rijiya da madafa. Ranar awo ki gaya wa nas cewa kin yi watanni kina wankin nan. Yaron kuma a cire shi daga wurin haɗi gaba ɗaya, jikin yaro ba ya ɗaukar abin da na babba ke ɗauka, ya taya babansa shuka ko ban ruwa a ranar da ba a yi feshi ba. Jarkar maganin da ta ƙare kada ta koma ta ruwan sha ko ta manja, a ɗauraye ta sau uku a zuba ruwan cikin tanki, a huda ta.

Na san mazanmu, in mace ta ce asibiti sai su ga kamar an raina ƙarfinsu. In ya ƙi jin maganarki, ki samu yayansa ko limamin unguwa ki karanta musu wannan amsa, su raka shi gobe da safe. Amma in kin ga numfashinsa ya canza yau da dare, ko yawun ya ƙi tsayawa, kada ki jira gari ya waye, ki buga wa maƙwabta ƙofa a nemo mota.